Da Mutuwa Ta Goya Kaka

Ni direban motar 'yan makaranta ne, kuma motata tana da doka. Ba a cin abinci a ciki, ba a miƙewa tsaye tana tafiya, ba a ihu. Yara sun sani, iyayensu ma sun sani. Amma a ƙarshen watan Oktoba nakan kau da kai. Da safe sai wani ƙamshi ya biyo yaran da nake ɗauka a wajen Riverdale, a nan Amurka, ƙamshin burodi mai ɗumi da ɓawon lemo da sukari. Na san a jakar wani akwai burodin nan mai tudu da ake ɗora wa siffar ƙasusuwa a bisa, na kuma san kafin mu isa makaranta za a gutsura a ɓoye. Ina kallonsu ta madubi kawai. Ƙamshin nan yana mayar da ni gidanmu na Lanham, hawa na uku, shekarar da nake aji huɗu, shekarar da kakata ta zauna tare da mu.

Ba na son labari a hargitse. Zan fara da gidan, sannan tsohuwar, sannan waƙar. In ba ka san gidan da tsohuwar ba, mai karatu, ba za ka gane abin da waƙar ta yi ba.

Mahaifina injiniya ne, yana aiki a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen gwamnati na kudu maso yammacin Washington. Bayan sallar asuba yake fita ya kama jirgin ƙasa, sai magariba ya dawo. Mutum ne mai tsari, a wurinsa na gada. Takalma a jere bakin ƙofa, makullai a ƙusa ɗaya, Hausa a cikin gida, Turanci a waje. Mahaifiyata nas ce. Ni kuwa daga Kano aka kawo ni ina ɗan shekara bakwai, don haka bakina bai karye ba kamar na yaran da aka haifa a nan, waɗanda za ka yi musu magana da Hausa su amsa maka da Turanci.

Kakata, mahaifiyar mahaifina, ciwon zuciya ya kawo ta. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, sai mahaifina ya yi ta fafutuka har ya samo mata izinin zuwa neman magani. Ta iso da akwati ɗaya na tufafi da wata jaka da ta cika gidan da warin daddawa har mako guda. An ba ta ɗakina, ni na koma kujerar falo, ban kuwa ji haushi ba. Ita ce ta mayar da gidan gida. Ba a shiga inda take da takalmi, ba a shiga ba sallama. Duk wanda ya taka ƙofar nan sai ya ci abinci. Na tuna mutumin da ya zo gyaran famfo, ba ya jin abin da take cewa, ita ma ba ta jin nasa, amma bai fita ba sai da ya cinye malmalar tuwon shinkafa da miyar kuka yana share gumi. Tana da kwalbar man zafi da take shafa wa kowa, ko ciwon kai ne ko faɗuwa jarrabawa. In ta ga mace a talabijin kai a buɗe, sai ta ce, "Wannan ba ta da uwa ne?"

Abin da ya fi ƙarfinta shi ne sanyi. Tun ganye bai gama sauya launi ba take lulluɓe da bargo a gindin taga. Takan dubi itatuwan da suka yi ja suka yi rawaya ta ce itatuwan garin nan ma ba su da lafiya.

Yanzu ga abin da ya kamata ka riƙe. Mahaifina ɗan fari ne a wurinta. A irin tarbiyyar da ta tashi a ciki, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna masa abin da ke ranta. Kunya ce, kuma kunyar nan ba ta tsufa. Tunda nake ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mai gidan nan". In tana son ya rufe taga, bango take duba ta ce, "Iska tana shigowa." Mahaifiyata kuma suruka ce, a durƙushe take gaishe ta, ba ta haɗa ido da ita. Duk gidan mutum ɗaya ne kawai ba shinge tsakaninsa da tsohuwar, shi ne ni. Jika abokin wasan kaka ne. "Maigida" take kirana, ko "mijina". Ni kuma in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta wurgo min carbi, in kauce.

Mahaifina ya kafa wata doka a wannan shekarar, ba a rubuce ba, amma kowa ya san ta: ba a zancen mutuwa a gidan. In Kaka ta fara cewa, "Idan na tafi," sai ya ce, "Hajiya, a bar wannan maganar," ya tashi ya shiga ɗaki. In sun je asibiti, shi ne tafinta, kuma kullum fassararsa ɗaya ce: sun ce da sauƙi. Mahaifiyata, da yake aikinta ne, ta san abin da likitocin suke nufi. In sun dawo sai ta shige kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da ba ta da datti.

Da ƙaramar salla wasu mata 'yan gida suka zo gaishe ta. A hirarsu ta ji yadda ake yi da wanda ya rasu a ƙasar nan: a ajiye shi cikin sanyi kwana da kwanaki ana jiran takardu, sannan ko a binne shi a nan, ko a sa shi a akwati a tura gida. Bayan sun tafi ta kira ni.

"Maigida, da gaske ne in na mutu a nan firij za su sa ni kamar kifi?"

Na ce, "Ai ke busasshen kifi ce, ba kya bukatar firij."

Ta yi dariya ta kai min duka. Daga nan kusan kullum sai ta faɗa, a gaban kowa, cikin sigar wasa: ita dai ba ta mutuwa a garin nan mai sanyi. Manya su yi kamar ba su ji ba. Ni kuma ina ɗauka wasa ne, domin da murya ta wasa take faɗa.

To, sai waƙar.

Malamarmu ta aji huɗu iyayenta mutanen Meziko ne. Rabin ajin ma daga can suke ko daga maƙwabtansu. A makon ƙarshe na Oktoba ta zo da kwandon burodin nan, ta ce a ƙasar iyayenta akwai kwanakin da ake tunawa da waɗanda suka rasu. Ta shirya tebur a kusurwa da hotuna da furanni ruwan goro. Teburin ban kusance shi ba, na san ba namu ba ne, har yau kuma ra'ayina bai sauya ba. Burodin dai na ci. Sannan ta ce akwai wani abu da ake yi ba don matattu ba, don rayayyu. Waƙa ce ta barkwanci, sunanta da harshensu yana nufin ɗan ƙaramin ƙoƙon kai. Ana rubuta wa malamai, da maƙwabta, da manyan gari, a karanta a gabansu kowa ya yi dariya, har shi wanda aka yi wa.

Ta jera mana ƙa'idojin a allo, abin da ya sa na ƙaunaci darasin ke nan. Ka zaɓi mutum mai rai, kuma wanda kake so, domin ba a yi wa maƙiyi. Ka ɗauko halinsa da kowa ya san shi da shi. Sai Mutuwa ta zo ɗaukarsa, ita kuma a wurinsu mace ce ramammiya, ƙashi zalla, mai son ado. Su yi ta ja-in-ja. A ƙarshe ta tafi da shi.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce me ya sa ba za a bar shi ya tsira ba. Malama ta ce, "Domin ba ta taɓa barin kowa ba. In ta bar shi, waƙar ta zama ƙarya, ƙarya kuwa ba ta da ban dariya." Sannan ta karanta wadda ta yi wa kanta, inda Mutuwa ta zo ta tarar da ita tana gyaran jarrabawa, ta ba Mutuwa sifili saboda makara. Aji ya kaure da dariya.

Wasu yaran abin ya yi musu nauyi. Ni ko kaɗan bai zame min baƙo ba. Abin da nake yi da Kaka kullum ke nan a gida, sai dai ban san ana rubuta shi a ba mutum maki ba. Na zaɓe ta ba tare da tunani na biyu ba. Na rubuta da Turanci, malama ta manna min tauraro a saman takardar, na sa a jaka na manta.

Ranar Asabar bayan karin kumallo mahaifina yake duba jakata. Kowace Asabar haka ne: ya zazzage ta a tebur, ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya. Na ga ya ɗauki mai tauraron, ya fara karantawa fuska a sake. Kafin ya kai ƙasa fuskar ta ɗaure. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Wa ya sa ka wannan?"

"Malama."

"Uwar tawa kake yi wa mugun fata? Tana kwance ba lafiya, kai kana can kana kashe ta a takarda ana ba ka tauraro?"

Ban taɓa jin muryarsa ta hau haka ba. Mahaifiyata ta fito daga kicin hannu da kumfa. Ya ce ranar Litinin zai ɗauki hutu ya je makarantar da kansa. Su yi al'adarsu, ba wanda ya hana su, amma ba da bakin ɗansa ba.

Ba na ganin laifinsa, mai karatu, ko a yau. A wurinmu baki yana da nauyi, ba a ambaton mutuwa a kan mara lafiya. Kuma shi mutum ne da ya zuba ƙarfinsa duka a kan tsohuwar nan ta rayu. Takardar da ke hannunsa ta faɗi abin da ya hana kowa faɗa, ta faɗe shi kuma da dariya.

Sai muka ji jan ƙafa. Kaka ta fito tana dafa bango, bargo a kafaɗa. Ba ta dubi mahaifina ba. Mahaifiyata ta duba.

"Me mijina ya yi ake masa tsawa da hantsi?"

Mahaifina ya ce, "Ba komai, Hajiya. Shirmen makaranta ne."

Ta zauna a kujerarta ta gindin taga, ta gyara bargo, ta ce wa tagar, "A ba shi shirmensa ya karanta min. Ai ni ma ina son shirme."

Ba yadda zai yi. Ya miƙo min takardar. Na tsaya a tsakiyar falo ina mayar da ita Hausa layi bayan layi. A ranar maganar ta fito a karkace, ba amo ba daɗi. Daga baya ne ni da ita muka zauna muka gyara ta har ta tsaya da ƙafarta, kuma gyararriyar ce na haddace. Amma ma'anar ba ta sauya ba. Ga ta:

Mutuwa ta hawo bene tana haki,
Ta ce wa Kaka, "Na zo ɗaukar ki."
Kaka ta ce, "Cire takalminki,
Wa ya koya miki shiga ba sallama?"

Ta dube ta, ta ce, "Ba kya cin abinci?
Ƙashi zalla, ba tsoka, ba ko hanci!
Zauna ga tuwo, bar rashin mutunci,
Ki cinye, ki suɗe, ki ƙara ma."

Mutuwa ta ci har ta kasa tashi,
Kaka ta shafe ta da man zafi a ƙashi,
Ta ɗaura mata ɗankwali ko ba gashi,
Ta ce, "Yanzu kin fito, dama-dama."

Tun a baitin farko Kaka ta fara dariya. "Haka zan ce mata kuwa! Ko ita wace ce, ta cire takalmi." Da na kai kan man zafi ta ce, "Ja'iri, ni kake wa sharri?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, mahaifiyata ta ruga ta kawo ruwa, ita ma tana danne tata dariyar da gefen mayafi. Mahaifina kaɗai ne bai motsa ba. Shi ya san abin da ya rage a takardar.

Na dube shi. Kaka ta ce, "Kada ka dubi kowa. Ƙarasa."

Da za su tafi, Kaka ta ce, "Ban yi,
Ba na mutuwa a garin nan mai sanyi.
Goya ni zuwa gida, ai ba ni da nauyi."
Mutuwa ta goya ta, suka lula sama.

Ba wanda ya yi dariya. Ana jin na'urar ɗumama ɗaki tana ƙara a jikin bango. Kaka ta dubi hannuwanta, sannan ta ɗago.

"Maigida, wa ya gaya maka wannan?"

"Ke kike faɗa."

"A gaban kowa nake faɗa. Kai kaɗai ka ji." Ta nuna min gefen ƙafarta. "Tunda kai ne mijin, zauna ka ji wasiyyar matarka."

Na zauna a kan kafet. Ta yi min magana ni kaɗai, ido cikin ido, da muryar da take tsokanata da ita, amma da ƙarfin da zai isa kunnen da take nufi. Ta ce a ƙasan akwatinta akwai likkafaninta, tun zuwanta Makka ta wanke shi da zamzam, ba ta zo da shi don a buɗe shi a nan ba. Ta ce ƙanwarta take so ta yi mata wanka, da matan unguwarsu da suka san ta tun tana amarya. Ta ce tana so a kai ta a ranar, kafin rana ta faɗi, inda aka kai tsohon mijin nata, wanda na gada. Ba ta son firij, ba ta son a sa ta a ƙasan jirgi tare da kayan mutane.

"Da ƙafata na hau jirgi na zo," in ji ta. "Da ƙafata nake so in hau in koma."

Mahaifina ya yi gyaran murya. Shi ma bai dube ta ba, ni ya duba.

"Ka gaya wa kakarka likita bai sallame ta ba."

"Ka gaya masa likita a bana ya san ni."

"Ka gaya mata a can babu irin kulawar nan. In aka katse magani…"

"Ka gaya masa na sha, na gode, Allah ya yi albarka. Magani ya yi iyakarsa. In bai yarda ba, ya tambayi uwarka. Ita ta sani, kunyata take ji."

Ni dai ban gaya wa kowa komai ba. Ina tsakiya, magana tana bi ta kaina tana wucewa. Mahaifiyata ta juya baya tana share hawaye. Wannan ya isa amsa.

Mahaifina ya dafe goshi. Ba da kowa yake ba da ya ce, "Me zan ce wa ƙannena? Su ce na gaji da ita na mayar?"

A nan ne Kaka ta yi abin da ban taɓa gani ba, mahaifiyata ma ta ce ba ta taɓa gani ba. Ta juyo daga wajena, ta dubi ɗanta na fari a fuska, ta kira sunansa. Ba zan rubuta sunan ba. Sau ɗaya ta faɗa, a hankali, kamar mai ɗaga abin da ya daɗe a ajiye. Mutumin da ya haura shekara arba'in bai ji sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Na ga ya zame daga kujera ya durƙusa a ƙasa, yadda ake yi in za a gaida babba.

"Na'am, Hajiya."

"Ka kai ni gida."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "To."

Ranar Litinin ya ɗauki hutu kamar yadda ya ce, amma ba makaranta ya je ba. Ya je wurin likita shi da mahaifiyata, a karon farko ba a matsayin tafinta ba. Daga can ya wuce wurin masu sayar da tikitin jirgi. Maganar malama kuwa bai sake tayar da ita ba. Ita ma ba ta taɓa sanin abin da darasinta ya yi a gidanmu ba, kuma ban gaya mata ba, domin a lokacin ban san yadda ake faɗar irin wannan ba.

Makonnin da suka rage su ne mafi daɗin zamanta da mu. Ciwon bai ragu ba, amma fuskarta ta washe. In na dawo daga makaranta sai in tarar da ita a gindin taga tana jirana, mu hau gyaran waƙa. Ba ta iya karatun boko ba, amma kunnenta ya san inda baiti ya yi ɗingishi. Ita ta kawo maganar hanci. Ita ta ce a ɗaura wa Mutuwa ɗankwali, domin a tawa hula na sa mata, ta ce wace irin mace ce da hula. Baitin ƙarshe kaɗai ta hana a taɓa ma'anarsa. Wani lokaci mahaifina yakan dawo ya same mu a kai. Ba ya sa baki, amma ya daina tashi ya shiga ɗaki. Yakan zauna da jaridarsa a buɗe, shafin ba ya juyawa.

Sun tafi kafin ƙanƙara ta fara zuba, don ta yi babbar salla a gida. A filin jirgi an kawo mata keken marasa lafiya, ta ce sai ta taka da ƙafarta har inda za a bar mu mu raka ta. Ta taka kuwa, a hankali, tana dafe da kafaɗata. Da za mu rabu ta ce, "Maigida, na sake ka. Ka nemi yarinya." Na ce, "Dama kin tsufar min." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe fuska da fuska. Na yi kuka a mota, amma ba a gabanta ba.

Ta yi babbar salla, ta ga bazara, ta sha mangwaro, ta ji ƙamshin ruwan farko. A cikin daminar Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, ƙanwarta na gefenta. Kafin la'asar an kai ta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Mahaifina bai sami jana'iza ba, ba wanda zai samu daga nan. Ya isa ana zaman makoki. A can gida akwai abin da jikoki suke yi in tsoho ya cika da shekarunsa: su sa tufafinsa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, su sa masu kuka dariya. Ashe tsohuwar ta koya wa 'ya'yan baffannina waƙar tun kafin ta kwanta. Ɗaya ta lulluɓa da bargon da ta koma da shi daga nan, ɗaya ta shafa gari a fuska ta zama Mutuwa, suka rera ta a tsakar gida a gaban mata. Wasu tsofaffi suka tambaya daga ina wannan waƙa, aka ce jikanta na Amurka ne ya yi. Ba wanda ya ambaci Meziko, ba su ma san da ita a zancen ba.

Ban ga wannan da idona ba. Mahaifina ne ya gaya min da ya dawo, yana tsaye yana jera takalmansa a bakin ƙofa. Ya ce, "Sun rera waƙarka." Sannan ya ƙara, "Sun ɓata baiti na biyu." A nan na gane ya haddace ta.

Yanzu shi ne tsohon. Ya yi ritaya, gashinsa ya yi fari, shi ma ya fara zama a gindin taga da bargo. Ina da ɗa namiji, a nan aka haife shi, bai daɗe da shiga makaranta ba. Yaro ne mai ladabi, ladabin da ake koyarwa a nan. Ran nan kakansa ya tsokane shi, ya ce, "Kai ɓarawon tuwo, ka zo ka cinye min gida?" Sai yaron ya ajiye cokali ya ba shi haƙuri da Turanci. Mahaifina ya dube ni ya ce, "Ka ga, inda ya kamata ya rama, haƙuri yake ba ni." Ya yi murmushi, amma na ga abin ya taɓa shi.

Wannan shi ne abin da ya sauya. Mun sami asibiti, mun sami makaranta, har maƙabartarmu ta Musulmi muna da ita yanzu, ba kowa ne ake turawa gida ba. Amma kunya ta biyo mu har nan, wasan kuma ya tsaya a hanya. Ɗa ba ya iya tambayar ubansa inda yake so a kwantar da shi. Ni ban iya ba. Na sha shirya maganar a raina ina tuƙi, in na zo gabansa sai in tambaye shi ko ya sha magani. Kakanninmu da suka kafa kunya tsakanin uba da ɗa sun bar ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce jika. Mutanen Meziko su ma sun bar tasu ƙofar, a waƙa. Na yi sa'a ranar nan ƙofofin biyu suka buɗe a falo ɗaya.

A ƙarshen Oktoban da ya wuce na je gaishe shi bayan na ajiye mota. Wataƙila ƙamshin burodin ya kama rigata. Ya shaƙa, ya dubi itatuwan da suka yi ja a waje.

"Har yanzu suna koya musu waƙar nan?"

Na ce, "Suna koyarwa. A aji huɗu."

"Abokin wasan nawa da sauransa kafin ya kai ke nan."

"Da saura, Baba."

Ya gyara bargo. Ya ce wa tagar, ba ni ba, "To, Allah ya kai mu. Zan jira."

Tun daga ranar na ƙara doka ɗaya a gidana. Kowace Asabar bayan karin kumallo ina kai yaron wurin kakansa, in zaunar da shi a gefen ƙafarsa, in fita in bar su. Na gaya masa abu biyu: Hausa zai yi, kuma in tsohon ya tsokane shi ya rama. Makon jiya ina bakin ƙofa ina sa takalmi na ji ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Lafazin a karkace ya fito. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ban koma ciki ba. Na ja ƙofar a hankali na sauka.